Wanda ya iya gyaran waya zai iya tayar da burtsatsen unguwarsu

Masu yawan shiga YouTube da TikTok sun san irin bidiyon nan na Turawa masu sayen tsohuwar mota mai ɗaki a ciki, su gyara ta su mai da ita gida, da gado da kicin da bayi, su riƙa yawo da ita daga gari zuwa gari. Da yawanmu muna kallo ne don sha'awa kawai, tunda irin wannan mota ba ta da wurin zama a kan hanyar Anka zuwa Gummi. Amma idan ka kula da sashen da suke gyara ruwan motar, za ka ga abin da ya shafe mu kai tsaye. Akwai tanki mai cin kamar lita 100, da ƙaramin injin tura ruwa mai aiki da batir na bolt 12, da matatar da ke tare datti, da bututu, da kan famfo. Ka ƙara girman waɗannan, ka sa sola a madadin batir, ka sa rijiya a ƙasa, ka samu burtsatsen da ke bayan masallacin unguwarku.

Bambancin yana wajen kulawa. Mai motar ya san idan ruwa ya ɗauke masa a tsakiyar daji babu wanda zai kira, don haka ya san kowane mahaɗi na bututunsa, yana wanke tanki a kan lokaci, yana ajiye kayan canji a aljihun mota. Mu kuwa muna da ɗabi'ar yin biki ranar ƙaddamarwa, a yanka ƙyalle, a ɗauki hoto a sa a Facebook, daga nan kuma babu wanda ya sake hawa ya leƙa cikin tankin har ranar da ruwa ya tsaya.

Ra'ayina shi ne: a yammacin Zamfara, aikin fasahar da ya fi cancantar lokacin matashi a yau shi ne kula da tsarin ruwan da aka riga aka gina, kuma mutanen da suka fi dacewa da aikin su ne mu masu gyaran waya, masu haɗa sola, masu shagon caji da masu koyon rubuta manhaja. Ni kaina manhaja nake rubutawa, kuma da waya da bidiyon koyarwa na koya, saboda haka na san abin da mutum zai iya koya wa kansa idan ya sa kai.

Me ya sa batun ya fi zafi a nan

A 2017 Bankin Duniya ya fitar da rahoto kan ruwa da tsafta a Najeriya, inda ya nuna cewa kusan kashi 30 cikin 100 na wuraren ɗibar ruwa suna lalacewa tun a shekarar farko da gina su. A Nuwamban 2018 gwamnatin tarayya ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ruwa da tsafta. Wannan labari ne na ƙasa baki ɗaya, sai dai a Anka da Gummi da Bukkuyum akwai abubuwan da suke ninka wahalar.

Na farko hanya ce. Idan injin ya tsaya a Kano, kafin la'asar mai gyara ya iso. Idan ya tsaya a ƙauye cikin Bukkuyum, sai an nemo ma'aikaci daga Gusau ko Sakkwato, sai ya yarda ya bi hanyar da kowa ya san halin da 'yan bindiga suka jefa ta, sai kuma an biya shi kuɗin da ya haɗa da na sayar da rai. Sau da yawa ba ya zuwa. Na biyu yawan jama'a ne. Garin Anka ya karɓi dubban mutanen da aka raba da ƙauyukansu, ga shi burtsatsen da aka tsara don gidaje kaɗan ya koma ɗaukar ninkin haka. Na uku shi ne abin da mutane ke komawa gare shi idan famfo ya mutu: tafki, kududdufi, gulbi da rijiyar da ba ta da murfi. A 2021 kwalara ta kama fiye da mutum 100,000 a Najeriya, ta kashe sama da 3,500, kuma Zamfara na cikin jihohin da suka fi jin jiki. A Agustan 2024 ambaliya ta mamaye Gummi. A daminar 2025 kwalara ta sake ɓulla a ƙauyukan Bukkuyum, rashin tsaro kuma ya hana a kai wasu marasa lafiyar asibiti a kan lokaci. Duk ranar da burtsatse ya kwana a mace, akwai yaran da suka sha ruwan da bai kamata su sha ba.

Abin da ke cikin burtsatse mai sola

Idan ka taɓa buɗe waya ka bi layin wuta daga wurin caji zuwa batir, wannan ba zai ba ka tsoro ba. Farantan sola suna samar da wuta. Wutar tana shiga akwatin kwantirola, wanda shi ne ƙwaƙwalwar tsarin. Daga nan waya ta gangara cikin rijiya zuwa injin da muke kira sumo, wanda ke nutse cikin ruwa yana turo shi sama. Ruwan ya bi bututu ya hau tanki, daga tanki kuma nauyinsa ya sauko da shi zuwa kawunan famfo. Akwai ƙananan abubuwa guda uku da mutane ba su cika sani ba: na'urar da ke kashe injin idan ruwan rijiya ya ja baya, da wata mai shawagi a cikin tanki da ke kashe shi idan tanki ya cika, da bawul ɗin da ke hana ruwa komawa ƙasa.

Idan ruwa ya tsaya, maganar farko da za ka ji ita ce “sumo ya ƙone.” Daga nan a fara lissafin dubban ɗaruruwa, a ga ba za a iya ba, a haƙura. Alhali mai gyaran waya ba ya cewa injin waya ya mutu kafin ya gwada caja, da igiyar caji, da batir. Haka ya kamata a bi burtsatse, daga mai sauƙi zuwa mai wuya.

Ka fara da farantan. Da hunturu, ƙura tana kwanciya a kansu ta rage wutar da suke bayarwa. A yawancin haɗi ana jera farantan ne ɗaya bayan ɗaya, don haka inuwar reshen dalbejiya ko kashin tsuntsu a kan faranti guda yana iya jawo ƙarfin layin duka ƙasa. A wanke su da sassafe kafin su yi zafi, da ruwa da tsumma mai laushi, ban da omo mai kaushi, ban da soson ƙarfe. Sannan ka duba mahaɗan wayoyi a bayan farantan, domin rana tana cin roba, ɓera da awaki ma suna nasu. Sannan kwantirola: kamfanoni irin su Lorentz da Grundfos suna sa fitilu ko alamomi da ke faɗin abin da ke damun injin, kuma littafin bayaninsu yana intanet kyauta. Ka sauke shi a wayarka tun kafin ranar buƙata. Idan alama ta nuna rijiya ce ta ja baya, injin lafiyarsa lau, ruwa ne ya yi kaɗan. Wannan yana faruwa sosai da bazara a yankin Anka da Bukkuyum, inda ƙasan dutse ne mai tauri, ruwa kuma a tsage-tsagen dutsen yake taruwa. Mafi munin abin da za a yi a irin wannan hali shi ne a cire na'urar kariyar a haɗa kai tsaye don “ruwa ya zo.” Sumo da ruwa yake sanyaya jikinsa. Idan ya yi ta juyawa a bushe, to a lokacin ne zai ƙone da gaske.

Gargaɗi guda: farantan da aka jera a layi suna iya kai bolt 200 ko fiye, kuma wannan wuta tana kisa. Ba irin ta batirin waya ba ce. A kashe makunni kafin a taɓa komai, kada a zare mahaɗi injin yana aiki, kada a yi aiki da jiƙaƙƙen hannu. Fito da sumo daga rijiya kuma aikin wanda ya koya ne, domin idan ya suɓuce ya faɗa ƙasa, an yi asarar inji da rijiya gaba ɗaya.

Jarka da agogon waya

Na'urar gwaji mafi amfani tana hannunka. Ka ɗauki jarka mai lita 25, ka tara ta a bututun da ke kai ruwa tanki da tsakar rana, ka kunna agogon ƙidayar daƙiƙa na wayarka. Idan ta cika a daƙiƙa 60, injin yana ba da lita 1,500 a awa, kuma tanki mai lita 5,000 zai cika cikin awa uku da minti 20. Ka rubuta. Bayan wata biyu, idan jarkar ta koma cin daƙiƙa 100 a rana mai haske iri ɗaya, ka sauko zuwa lita 900 a awa, tankin kuma sai ya ci fiye da awa biyar da rabi. Ruwa bai tsaya ba, babu wanda ya yi ƙorafi, amma kai ka riga ka san wani abu ya soma lalacewa: ko ƙura, ko yoyo a bututu, ko yashi yana cin injin, ko rijiya tana ja baya. A duniyar manhaja haka muke yi, muna sa ido a kan lambobi don mu ga matsala kafin mai amfani ya gan ta.

Lissafin yana taimakawa wajen raba gardama ma. Idan aka ɗauki lita 20 ga mutum ɗaya a rana, wanda shi ne mafi ƙarancin da ake so don sha da girki da ɗan tsafta, tanki mai lita 5,000 yana isar mutum 250 ne a cika ɗaya. Idan mutum 700 suke ɗiba, ƙarewar ruwa kafin azahar ba laifin mai riƙe da makulli ba ne.

Masu gidan-mota suna da wata dabara: idan duk famfo a rufe yake amma injin yana tashi da kansa lokaci zuwa lokaci, akwai yoyo a wani wuri. Tamu ita ce a yi alama a inda ruwa ya tsaya a tanki da magariba, a rufe famfuna, a duba da asuba. Idan ya sauka, a bi bututu a nemi inda ƙasa ta jiƙe. Kan famfo mai ɗiga sau ɗaya a daƙiƙa yana zubar da kusan lita 30 a rana, wato fiye da jarka guda, kuma maganinsa sau da yawa 'yar robar ciki ce ko zaren naɗe mahaɗi.

Tanki, da ruwan da ido ba ya iya tantancewa

Abokin gabar Bature ƙanƙara ce mai fasa bututu da sanyi. Namu rana ce da ƙura da murfin tanki da iska ta ɗauke tun bara. Tanki marar murfi yana tara ƙura, ƙadangare, kashin tsuntsu da gansakuka. A wanke shi aƙalla sau biyu a shekara: a zubar da ruwan, a goge ciki da buroshi mai dogon hannu, a ɗauraye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da ma'auni na kashe ƙwayoyin cuta a tanki: giram 80 na garin kilorin mai ƙarfi ga kowace lita 1,000, a cika tankin, a rufe, a bar shi awa 24, sannan a zubar da ruwan duka a ɗauraye. Wannan ruwan ba na sha ba ne, kuma kada a kwarara shi cikin tafki ko inda dabbobi ke sha. Kada a haɗa kilorin da wani sinadari, kuma kada mutum ya shiga cikin tanki shi kaɗai.

A ƙasa kuma a duba daɓen simintin da ke kewaye da bakin rijiya. Idan ya tsage, ruwan wanki da na fitsarin dabbobi zai koma inda aka ɗebo na sha. Masai ya kasance nesa da rijiya da aƙalla mita 30. Bayan ambaliya irin ta Gummi, duk rijiyar da ruwa ya haura kanta sai an tsaftace ta an sa kilorin kafin a koma sha, ko da ta yi garau a ido.

A nan ne nake so masu son na'urori su tsaya su saurara. Akwai wata 'yar na'ura mai kama da biro da ake kira TDS, ana tallarta a intanet, a tsoma ta a kofi ta nuna lamba, a ce ta tabbatar ruwa mai kyau ne. Abin da take aunawa shi ne yawan gishiri da ma'adanan da suka narke, ta hanyar yadda ruwan ke ɗaukar wuta. Ba ta ganin ƙwayar kwalara. Ba ta kuma iya nuna gubar dalma, domin iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa dalma a ruwan sha ita ce miligiram 0.01 a lita, ita kuwa na'urar daga miligiram guda take fara ƙirga. Ruwa zai iya ninka iyakar sau goma, allonta bai motsa ba.

Mutanen Anka da Bukkuyum ba sa buƙatar a faɗa musu mece ce dalma. A 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano gubar a ƙauyuka irin su Dareta, Abare, Sunke, Tungar Daji, Tungar Guru da 'Yargalma, aka rasa yara aƙalla 400. Babbar hanyar gubar ita ce ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje, amma wankin ƙasar ya gurɓata tafkuna da wasu wuraren ruwa. Tafasa ruwa yana kashe ƙwayar cuta, ba ya cire dalma. Kilorin ma haka. Gwajin dalma sai ɗakin gwaje-gwaje, kuma haƙƙin jama'a ne su nemi hukumomin lafiya da na ruwa su yi shi a duk inda ake sarrafa dutse kusa da ruwa. Abin da ke hannunmu shi ne hana niƙa da wanki kusa da rijiya, da hana ɗibar ruwan sha da buhu ko bokitin da aka yi aikin zinariya da shi. Ku masu gyaran waya kuma, dalmar da kuke liƙa waya da ita sau da yawa tana ɗauke da wannan guba, don haka ba a liƙa bututun ruwan sha da ita, kuma a wanke hannu kafin cin abinci.

Idan akwai kuɗin sayen kayan gwaji, a sayi ƙwayoyin gwajin kilorin da ke sauya launin ruwa zuwa ruwan hoda, don tabbatar da cewa ruwan da aka sa wa magani yana da ragowar miligiram 0.2 zuwa 0.5 a lita bayan minti 30. Akwai kuma ƙananan kwalabe da ake zuba ruwa a ajiye kwana ɗaya zuwa biyu, idan ya yi baƙi alama ce ta gurɓata da bayan gida. Ba su da allo mai walƙiya, amma suna faɗin abin da muke buƙatar sani.

Ina matsayin manhaja?

Na san wasunmu tuni sun fara tunanin na'urar da za ta riƙa aiko saƙo daga tanki zuwa waya. An yi irin wannan. Masu bincike na Jami'ar Oxford sun sa ƙananan na'urori a hannun famfunan tuƙa-tuƙa a Kenya, suna aika bayanin amfani ta layin waya, kuma lokacin da famfo ke ɗauka a lalace ya sauko daga kusan wata guda zuwa ƙasa da kwana uku. Amma na'urar ba ita ke gyara ba. An kafa kamfanin FundiFix da makanikai da babura da kayan canji, jama'a kuma suna biyan kuɗin wata-wata. Saƙon da babu wanda zai amsa shi da sifana a hannu hayaniya ce kawai.

Mu kuma mun ga abin da ya faru a Satumban 2021, da aka rufe layukan sadarwa a faɗin Zamfara, aka yi makonni babu kira babu data. Duk tsarin da ba ya aiki sai da sabis bai dace da nan ba. A fara da littafi mai bango mai kauri a hannun kwamitin ruwa: ranar wanke faranti, daƙiƙoƙin jarka, abin da aka canja, abin da aka kashe. Sannan a ɗauki hoton shafin a tura rukunin WhatsApp na unguwa. Wanda ke son ya wuce nan, KoboToolbox da mWater kyauta ne kuma suna karɓar bayani babu intanet, su aika idan sabis ya dawo. Da su matasa goma za su iya zana taswirar kowane burtsatse a mazaɓarsu, da hoto, da samfurin inji, da zurfin rijiya idan an sani, da ranar da ya tsaya.

Masu cewa aikin gwamnati ne

Suna da gaskiya a babban ɓangare. Haƙa rijiya, canja sumo, gwajin dalma da tsaron hanya duk sun fi ƙarfin matasan unguwa, kuma kula da muke yi ba ta sauke wa kowa nauyin da ke kansa. Amma takardar da ta ce “ba mu da ruwa” tana da sauƙin ajiyewa a ƙasan fayil. Wadda ta ce ga burtsatse kaza a mazaɓa kaza, ga nawa suka mutu, ga abin da ya lalace a kowanne da hoto, tana da wuyar kau da kai. Mun taɓa ganin haka a wannan yanki. Bagega ta daɗe tana jiran kuɗin kwashe gurɓatacciyar ƙasa, har matasan Follow The Money, ciki har da Hamzat Lawal, suka ɗauki batun zuwa Twitter da alamar SaveBagega tare da wasu ƙungiyoyi, aka saki kuɗin a farkon 2013, aka yi aikin a shekarar. Waya da bayani tsayayye sun taimaka wajen motsa gwamnatin tarayya.

Akwai kuma masu ganin aikin famfo bai dace da mai ilimin kwamfuta ba, ko kuma babu kuɗi a ciki. Mutanenmu suna biyan 'yan ga-ruwa kullum, kuma kuɗin jarka yana tashi duk ranar da burtsatse ya mutu. Idan kwamiti yana karɓar ɗan abu a kowace jarka ko kowane gida, ana rubutawa, ana karanta lissafi a bainar jama'a ƙarshen wata, to za a iya ware kaso na kayan canji da kaso na wanda ke kulawa. Matashi ɗaya da mitar gwajin wuta, sifana biyu, gam na bututu da 'yan robobi zai iya riƙe burtsatse biyar ko shida, da tankunan gidaje, makarantu da asibitocin sha-ka-tafi. Mata da 'yan mata su ne suka fi kowa sanin ranar da ruwa ya fara raguwa ko ya sauya ɗanɗano, don haka kwamitin da babu su a ciki yana aiki da ido ɗaya ne, kuma babu abin da zai hana 'yar'uwarmu riƙe mita da littafi.

Sati mai zuwa, ka nemi izinin mai unguwa ko shugaban kwamitin burtsatsen da ya fi kusa da kai. Ka ɗauki hoton lambar da ke jikin kwantirola ka sauke littafinta. Ka wanke farantan da sassafe, ka leƙa ko tanki yana da murfi, ka auna jarka da tsakar rana ka rubuta daƙiƙoƙin da kwanan wata. Bayan sati huɗu ka sake aunawa, ka kai wa kwamiti lambobin biyu.